In kamfanin jirgi ya sauya maka tafiya, kada ka yi saurin cewa "to"

Bara ina cikin motar Yamai, mun wuce Ƙonni, sai saƙo ya shigo wayata: an ɗage tashin jirgina da kwana biyu. A ƙasan saƙon ga wurin da za ka danna ka amince. Saura ƙiris in danna, wani dattijo da ke gefena, tsohon ɗan kasuwar Dubai, ya riƙe mini hannu: "Alhaji, tsaya. In ka danna, ka yanke wa kanka bakin magana."

Tun ranar, ga yadda nake yi. Da farko ina ɗaukar hoton tikitin asali da na saƙon, yadda kwanan wata da awa za su fito sarai. Sannan in kira wanda ya sayar mini. Yawancinmu a Maraɗi ta hannun ajan muke saye, kamfanin kuma sau da yawa wurinsa zai mayar da kai. Ka ce masa a rubuce kake son amsa, ko da ta WhatsApp ce: a maido kuɗinka, ko a sa ka a wani jirgi ba tare da ƙarin ko dala ba. In sun miƙo takardar "ka yi wata tafiyar da ita nan gaba", ka duba ranar mutuwarta kafin ka karɓa. Ni dai kuɗi na fi so.

Sauke mutum daga kujerar manya zuwa ta baya kuma, nan ake cin mutane, don a bakin ƙofar jirgi ake gaya maka, ana kiran a shiga. Ka shiga, amma kada ka yar da katin shiga na farko; haɗa shi da sabon ka adana. In daga wata ƙasar Tarayyar Turai jirgin ya tashi, ko na wane kamfani ne, dokarsu mai lamba 261 ta 2004 ta ce a biya ka cikin kwana bakwai: kashi 30 cikin ɗari in tafiyar ba ta wuce kilomita 1500 ba, 50 zuwa kilomita 3500, 75 in ta haura haka. Lissafin a kan kuɗin zangon da aka sauke ka ne kawai, ban da haraji. Jirgin Dubai ko na Jidda ba ya ƙarƙashin wannan doka. Can sai ka karanta sharuɗɗan tikitinka.

In kamfani ya yi kunnen uwar shegu, kai ƙara hukumar jiragen sama ta ƙasar da ka tashi: ANAC a Yamai, NCAA in ta Kano ka bi. Rasit ɗin masauki, na taksi, har na abincin da ka ci kana jira, duk ka liƙa su a jikin takardar ƙarar.