Yadda ake gane tsohon akwatin ƙanƙara na Amurka da mayar da shi kabad

Duk wanda ke zaune a arewacin Amurka, wajejen Mishigan ko Ohayo ko Indiyana, in dai yana leƙa gwanjon kayan gida, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani kabad na katako mai ƙofofi biyu ko uku ba, mai kaurin bango, mai manyan hinji da sakatun ƙarfe. Wannan shi ne firijin mutanen ƙasar kafin zuwan na lantarki. Ni sana'ata gyaran tsofaffin kayan katako ce, kuma cikin abubuwan da ke shigowa shagona babu wanda nake jin daɗin aikinsa kamar wannan, babu kuma wanda mutane ke saurin lalatawa kamarsa.

Ba ka iya bambance na asali da na kwaikwayo sai ka san yadda ya yi aiki. A da, da hunturu ake yanko ƙanƙara daga tafkuna da koguna a tara a rumbuna. Wani ɗan kasuwar Boston, Frederic Tudor, ya kai ta har Kalkata ta Indiya a jirgin ruwa a 1833. Mai tallan ƙanƙara yana bin unguwanni da keken doki, uwargida ta rataya kati a taga mai nuna nauyin da take so, fam 25 ko 50 ko 75 ko 100. Fam 50 ya kai wajen kilo 23. Sai a ɗora curin ƙanƙarar a ɗakin sama ko na gefe na cikin akwatin, sanyi ya gangaro kan madara da nama, iska mai ɗumi ta hau sama. Ƙanƙarar kuwa narkewa take yi dare da rana, dole ruwan ya samu hanyar fita. Bayan da kamfanin General Electric ya fito da firijinsa mai injin a ka a 1927, kasuwar waɗannan akwatuna ta fara ja da baya.

To, hanyar ruwan nan ita za ka fara nema. Buɗe ɗakin ƙanƙarar ka duba ƙasansa. Za ka ga rami, da bututu da ya sauka ta ciki ko ta baya har ƙasan akwatin. Durƙusa ka taɓa falankin da ke tsakanin ƙafafun gaba. A na asali yawanci yana ɗagawa sama, domin nan ake zura tiren da ke tare ruwan. In ka leƙa da tocila za ka ga katakon wurin ya yi baƙi, wani lokaci ya ɗan ruɓe, shaidar shekarun da ruwa ya yi yana ambaliya in an manta ba a zubar ba. Akwatin da babu rami, babu bututu, babu ko tabon ruwa, bai taɓa ganin ƙanƙara ba.

Daga nan sai ka kama gefen ƙofa da yatsu. Ta asali tana da kauri, tana da nauyi, saboda tsakanin katakon waje da ƙarfen ciki an cusa abin riƙe sanyi: garin katako, ko gawayi, ko ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi. Cikin kuma a lulluɓe yake da tutiya ko kwano mai launin toka. Masu tsada da na baya-baya suna da farin shafi mai sheƙi irin na langa. Katakon waje galibi na itace mai tauri ne, wato oak ko ash, masu araha kuma ana yi da katako mai laushi.

Yi guzurin ɗan maganaɗisu a aljihu. Hinji da sakatun yawanci tagulla ce, wani lokaci an shafe ta da farin ƙarfe, kuma maganaɗisu ba ya kama tagulla. Dubi kan sukurorin ma. Na da tsaga ɗaya gare su. Masu kan gicciye sai a shekarun 1930 suka fara yaɗuwa, saboda haka in duk sukurorin gicciye ne, ko dai an sake su, ko akwatin sabo ne. Sannan nemi tambarin kamfani a gaba. Leonard na Grand Rapids ne a Mishigan, Gibson na Greenville a jihar, McCray na Kendallville a Indiyana, Baldwin na Burlington a Bamont. Amma tambari kaɗai ba hujja ba ne. Sunan White Clad musamman an maƙala shi a kan kayan kwaikwayo masu yawa a shekarun 1970 da 1980. Juya irin waɗannan ka ga bayansu, filawud ne siriri, cikinsu kuma katako zalla. Suna da amfaninsu, sai dai kada ka biya kuɗin tsoho a kansu.

In ka kawo shi gida, kada ka ɗauki sanfefa tukuna. Wannan nake roƙon kowa. Idan an taɓa yi masa fenti, ciki ko waje, ka ɗauka akwai dalma a fentin har sai ka gwada, domin sai a 1978 Amurka ta hana fentin gida mai dalma. Gogar sa a bushe tana tayar da ƙurar da ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ana sayar da abin gwaji a shagunan kayan gini, ba shi da tsada. Haɗin ƙarfen ciki ma da dalma aka saba like shi, don haka abinci ba ya taɓa wurin kai tsaye, sai a cikin kwalba ko gwangwani mai murfi.

Wanki kuwa, ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsumma sun isa. Kada ka sa ruwan tsami ko lemon tsami a kan tutiya, cin ta yake yi. Ka tsane shi sosai, ka bar ƙofofin a buɗe a inuwa inda iska ke kaɗawa na 'yan kwanaki. Warin rufi da funfuna shi ne babban ciwon kai. Kwanon gawayi a kowane ɗaki yana janye shi sannu a hankali. In ya ƙi tafiya, to abin da aka cusa cikin bango ne ya jiƙe, wannan kuma aikin kafinta ne, sai an cire katakon baya an kwashe. Katakon da banishinsa ke nan da rai, kakin goge katako kawai yake buƙata. Duhun nan da shekaru suka ba shi, masu saye suna nemansa, kuma in ka kankare ba ya dawowa.

Me za a yi da shi? A gidana kayan shayi ne a ciki: kofuna a ɗakin ƙanƙara, sukari da ganye da citta a kwalabe a dogon ɗakin. Na gyara wa wasu don tawul da zannuwan gado, wasu don littattafai, sai dai littafi ba ya shiga sai ka tabbata danshi ya fita sarai. Ƙa'idata ɗaya ce, duk abin da zan ƙara ya zama ana iya cire shi. In tsofaffin ragar wayar da ake ɗora abinci a kai sun ɓace, sai in yanka katako ko gilashi mai kauri in ɗora a kan maƙalan da ke jikin bangon tun asali. In ana son fitila a ciki, ta ramin ruwan nan nake zura wayar. Masu fasa bayan akwati don su sa talabijin, ko masu yaye ƙarfen ciki su zubar, abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin sun raba shi da abin da ya sa ya zama akwatin ƙanƙara, sun kuma karya masa daraja a kasuwa.

Sakatun kuma ba sa buɗuwa ta ciki, ƙofar tana rufe iska. Irin wannan sakata ta yi sanadin mutuwar yara da suka ɓuya cikin tsofaffin firiji, har majalisar Amurka ta yi doka a 1956 cewa dole ƙofar firiji ta buɗu ta ciki. In akwai ƙananan yara a gidan, kwance maƙalin da sakatar ke faɗawa ciki, ka zuba shi da sukurorinsa a leda ka adana, ka sa ɗan maganaɗisun kabad ya riƙe ƙofar. In akwatin dogo ne, ɗaure shi da bango ta sama, don yaro yana iya rataya a buɗaɗɗiyar ƙofa ya jawo shi kansa.