Yadda za ki zaɓi jami'ar ƙwallon mata a Amurka ba tare da karatu ya sha ƙasa ba

Ƙanwata, da farko ki zaɓi kwas ɗin da kike so kafin ki kalli kulob, don in gwiwa ta samu matsala wallahi digirin ne zai riƙe ki.

Sai ki duba matakin makarantar. NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana da matakai uku: Division I, II da III. Ta ɗaya ita ce mai zafi, atisaye da tafiye-tafiye daga Agusta har Nuwamba, kina cikin bas da littafi a cinya jarabawa na jiranki gobe. Ta uku ba ta ba da tallafin karatu don ƙwallo, amma akwai sararin karatu sosai.

In I ko II kike so ki yi rajista a NCAA Eligibility Center, wato ofishin da ke tantance cancantar 'yan wasa, ki tanadi sakamakon WAEC ɗinki.

Daga nan ki tura wa koci bidiyon wasanki, ki tambaye shi kai tsaye: in lakca ta ci karo da atisaye wanne ake bari? Kuma tallafin ya haɗa da ɗaki da abinci ko kuɗin makaranta kawai?

Ki nemi 'yan wasan kulob ɗin su ma ki ji ta bakinsu. Michelle Alozie ta Super Falcons ma a jami'ar Yale ta yi digirinta tana buga musu ƙwallo.