Iyayen masu sikila, ku riƙe littafi guda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wadda ke da yaro mai sikila ta san yadda ranakun asibiti ke cakuɗewa: yau ganin likita, gobe gwajin jini. Shawarata, ki sayi littafin rubutu mai kaurin bango, ya zama na yaron shi kaɗai.

A shafin farko ki rubuta rukunin jininsa, lambar katin asibiti, da adadin PCV ɗinsa (wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jininsa) lokacin da yake lafiya ƙalau. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai, domin in kika kai shi cikin dare, zai taimaka wa likitan da bai san shi ba ya gane ko jinin ya yi ƙasa da yadda ya saba. Sai magungunansa da yadda yake shan su, da duk ranar da aka yi masa ƙarin jini. Ki ɗauki hoton shafukan da waya ki tura wa babansa.

Kafin ki tashi daga gaban likita, ki tabbatar da ranar dawowa, ki roƙa a haɗa miki gwaji da ganin likita rana guda, kuɗin mota ba wasa ba ne yanzu. Ki tambaya kuma game da gwajin TCD, wanda ake yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16 don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ki tafi da gorar ruwa, layi na da tsawo, ƙishirwa kuma na tayar da ciwon.

Amma in zazzaɓi ya kai 38.5°C a ma'aunin zafin jiki, don Allah kar ki jira ranar da aka ba ku, ki kai shi nan take.