Yadda ake rabon gado da riƙon dukiyar maraya bisa tsarin magabata a Sakkwato

Kafin a taɓa komai, a fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, har da ragowar sadakin matar, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Idan matar mamacin tana da ciki, a dakata sai ta haihu. Haka malaman Malikiyya suka tafi.

Sai a kira dattawa su yi wa gona, gida da dabbobi kima. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni, wato ɗaya bisa takwas, take samu, ko su huɗu ne shi za su raba. Uwar mamacin sudusi, wato ɗaya bisa shida; a cikin 'ya'ya kuma namiji rabon mata biyu.

Wurin rabon maraya aka fi samun ɓarna. Riƙon yaro daban, riƙon dukiyarsa daban. Yaro yana hannun uwa, in ta yi aure ya koma ga kakarsa ta wajen uwa. Dukiya kuwa tana hannun wasiyyi, wato wanda uban ya bar wa amanarta, in babu alƙali ya naɗa. A rubuta, kada baffa ya cakuɗa ta da gandu. A juya ta da kiwo ko fatauci, domin zakka tana cin ta duk shekara. Balaga kaɗai ba ta isa a miƙa masa ba, sai an gwada hankalinsa, kuma a gaban shaidu.