Babi na Bakwai: Rajistar Kwamfuta da Masu Tallan Wanke Ta

Darasi na 1: Jan akwatin da ke faɗowa a allo

Kuna zaune a shagon buga takardu a Wunti ko Muda Lawal, kun buɗe intanet, sai ga wani jan akwati ya rufe allo. Lambobi na ta gudu a cikinsa kamar mitar gidan mai, can su tsaya a dubu da wani abu. An rubuta da Turanci wai rajistar kwamfutarku ta cika da kurakurai, daga ƙasa kuma ga ƙaton maɓalli kore mai rubutun Fix Now, wato "gyara yanzu".

Ku ɗauke hannu daga kan linzami tukuna. Shafin intanet ba shi da ikon leƙa rajistar kwamfutarku. Ko yau aka ciro kwamfuta daga kwali, irin wannan lissafin za a nuna wa mai ita. Talla ce, so ake ku sauke wata manhaja mai wai wanke rajista, daga baya a nemi kuɗi ko lambar katin banki.

Kada ku danna komai a cikin akwatin, har da ɗan kuros ɗin da ke kusurwarsa, domin sau da yawa shi ma na bogi ne. Da allon rubutu za ku rufe. Ku danne maɓallin Ctrl, yana can ƙasa ta hagu, kada ku saki, sannan ku taɓa harafin W sau ɗaya. Idan ya ƙi, ku danne Alt ku taɓa F4. Idan an rubuta lambar waya a akwatin, kada ku kira.

Darasi na 2: Mece ce rajistar?

Kundi ne da Windows ke rubuta saitinta a ciki: wace firinta aka haɗa, wace manhaja ce ke buɗe wane irin fayil, wane hoto ne a fuskar allo. Manyan rassanta biyar ne, kowane sunansa ya fara da HKEY. Idan kun cire wata manhaja, takan bar 'yan layuka a baya. Waɗannan ne masu talla ke kira kurakurai. Ƙanana ne ƙwarai, ba su ke sa kwamfuta nauyi ba.

Manhajar wankin kuwa cinke take yi. Ta ga layi, ta ɗauka ba shi da mai shi, ta goge. Gobe firinta ta ƙi bugawa, ko ku danna takarda ta ƙi buɗewa, wani lokaci ma Windows ta ƙi tashi gaba ɗaya. Abin da aka goge daga rajista ba ya zuwa kwandon shara, balle a je a ɗauko. Garin gyaran gira a rasa ido. Kamfanin Microsoft da ya yi Windows ya faɗa a fili cewa ba ya goyon bayan amfani da irin waɗannan manhajoji. Ko sananniyar cikinsu, CCleaner, a shekarar 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin wani bugunta, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke kafin a gano.

Darasi na 3: Kafa wurin komawa

Wannan shi ne darasin. Mun san wasu duk abin da aka faɗa sai sun gwada, ko yaro a gida ya gwada musu. To, kafin a taɓa komai, a kafa wurin komawa. Windows za ta adana yadda saitinta yake a yau, idan abu ya ɓaci gobe sai a maido da shi.

Ku taɓa maɓallin da ke da hoton taga mai gida huɗu, yana kusa da Alt ta hagu. Ku rubuta restore point. Tsakanin kalmomin biyu akwai fili, ku taɓa dogon maɓallin nan na ƙasa sau ɗaya. Rubutu zai fito mai cewa Create a restore point. Ku danna shi sau ɗaya da ɓangaren hagu na linzami.

Wani ƙaramin akwati zai buɗe. Ku dube shi da kyau, kada ku yi sauri. Akwai maɓallai uku a jere daga sama zuwa ƙasa: System Restore a sama, Configure a tsakiya, Create a ƙasa. Namu shi ne na ƙasa, Create. A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, domin ido na fara sauka kan na sama, hannu kuma ya bi ido. Na sama na komawa baya ne, na ranar da abu ya lalace. Yau ajiyewa muke yi. Na ƙasa. Ku ɗora yatsa a kan allo ku ƙirga: ɗaya, biyu, uku. Na ukun. Haruffansa shida ne, ya fara da C ya ƙare da e.

Idan kun danna na sama bisa kuskure, ba komai, babu abin da ya lalace. Ku nemi Cancel ku danna, ku dawo ku sake ƙirgawa. Wanda ya koyi karatu da furfura ba maɓalli uku ne za su gagare shi ba.

Wataƙila ku tarar Create ya yi fari-fari, kun danna bai amsa ba. Linzaminku lafiya lau yake, kariyar ce a kashe, kuma haka kwamfutoci da yawa ke zuwa. Ku duba tsakiyar akwatin inda aka jera rumbunan ajiya, ku danna wanda ke da harafin C. Ku danna Configure, ku zaɓi Turn on system protection, ku ja ɗan makunnin da ke ƙasa zuwa wajen kashi 5 cikin 100, ku danna OK. Yanzu Create zai yi baƙi. Wanne za ku danna? Na ƙasa.

Zai nemi suna. Ku rubuta abin da za ku gane, kamar "kafin gyara". Ba sai kun sa kwanan wata ba, ita ke sawa da kanta. Ku sake danna Create, ku jira, yawanci bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Sai kun ga kalmar successfully sannan aiki ya kammala.

Malamai da Hajiyoyi, a yi haƙuri, amma gaskiya ɗaya ce. Ba daidai ba ne a maimaita abu sati uku, a gyaɗa kai a ce "mun gane", sannan a koma gida a sauke manhajar wanki ba tare da an kafa wurin komawa ba, a zo ana cewa kwamfuta ce ta lalace da kanta. Ba ta lalace da kanta ba. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, tambaya ba abin kunya ba ce. Ku rubuta a bangon littafinku da manyan baƙi: NA ƘASA.

Abu biyu kuma. Wurin komawa ba ya adana takardunku da hotunanku, waɗannan sai ku kwafe su a filas. Sannan ranar da za ku yi amfani da na saman, ku tabbata batir a cike yake ko janareta na aiki, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar maidowa, ɓarnar na iya fin ta farko.

Darasi na 4: Abin da ke sa nauyi

Ku danne Ctrl da Shift tare ku taɓa Esc. Wani akwati zai buɗe, ku shiga Startup. Manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ke nan. Wadda kuka sani kuma ba ku buƙata da safe, ku danna ta, ku danna Disable. Wadda ba ku sani ba ku ƙyale ta.

Don share tarkace akwai Disk Cleanup a cikin Windows, kyauta. Idan kun ga Downloads a jerin, kada ku sa masa alama.

Kwamfutar da RAM ɗinta, wato ma'adanar da take aiki da ita nan take, 4GB ne za ta yi ta jan ƙafa ko an wanke ta sau goma. Mai gyara zai iya ƙara mata, ko ya sa mata SSD, wato rumbun ajiya mai sauri. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, a kai a hure.

Darasi na 5: Saƙonnin kusurwa

Idan shafi ya nemi izinin turo muku saƙonni a kusurwar allo, ya nuna Allow da Block, wato "yarda" da "hana", ku danna Block. Wanda ya riga ya danna Allow, ya shiga Settings a Chrome, manhajar buɗe intanet, ya rubuta Notifications a wurin nema, ya cire sunan shafin.

Aikin gida: kowa ya kafa wurin komawa sau uku, ya rubuta sunan da ya ba kowanne, ya zo da littafin mako mai zuwa.