Kafin ka turo gyara: kurakuran da na gaji da gani a buɗaɗɗiyar manhaja

Na daɗe cikin masu kula da wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke da damar karanta kod ɗinta ya turo gyara. Sunayen sababbin shiga kan sauya, amma kurakuransu suna nan yadda suke. Ni ma na yi su, shi ya sa ba na sassauta murya a kansu.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mutum ya turo ƙaton gyara da ba wanda ya sa shi. Farkon shigata harkar, na ga ɓangaren da ke karanta fayilolin saiti a wata manhaja, na ce wannan aikin ai shirme ne. Mako uku na yi ina raba dare a kansa. Na sake rubuta shi kaf, na sauya sunaye, ga manhajar da nake rubutu da ita tana gyara tazarar layuka a duk fayil ɗin da na buɗe ban lura ba. Da na tura, fayil 41 na taɓa. Ina ta hura hanci, ina jiran yabo. Bayan kwana tara amsa ta zo, layi biyu tak: an gode, amma tun wata biyu da suka wuce aka yanke shawarar cire ɓangaren baki ɗaya. Tattaunawar tana nan a fili, ni ne ban karanta ba. Gumin mako uku ya tafi a iska, kuma laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Tun daga ranar ba na rubuta abin da ya wuce layi talatin sai na fara tambaya: ga abin da na gani, ga yadda nake son gyara shi, kuna so? In an ce a'a, minti biyar na yi asara. Sannan gyara ɗaya, matsala ɗaya. Masu kula da Linux, babbar buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, har yau ƙa'idarsu ke nan: kowane gyara ya tsaya kan canji guda. Ba iyayi ba ne. Ranar da wani abu ya lalace, a Git, wato manhajar da ke adana tarihin kod, akwai umarnin git bisect da ke raba tarihin canje-canje gida biyu, ya sake rabawa, har a cafko wanda ya jawo ɓarnar. Cikin canji dubu, gwaji kamar goma ya isa. To in wanda aka cafko ɗin naka ne, kuma ka cusa abu bakwai a ciki, wanne za a zarga?

Na biyu shi ne rahoton matsala mai cewa "ba ya aiki". Shi ke nan, ko siga babu. Haba malam! Mu bokaye ne? Wace sigar manhajar ka sa, a kan wane tsarin kwamfuta, me ka danna, me ka zata zai faru, me ya faru? Kwafo saƙon kuskuren gaba ɗaya a rubuce, ka bar ɗaukar hoton allo da waya a karkace. Ni al'adata, ba na tura rahoto sai na rage misalin zuwa mafi ƙanƙantar abin da ke tayar da matsalar, kuma sau da yawa a nan nake gano ashe kuskuren daga wurina yake. Sai kuma masu dawowa washegari da "har yanzu shiru?" Yawancin masu kula da waɗannan manhajoji ba a biyan su ko sisi, bayan sun tashi daga aikinsu suke duba naka. Da aka gano ɓarakar tsaro a Log4j, wata buɗaɗɗiyar manhaja da kamfanoni da yawa ke dogaro da ita, a Disambar 2021, manyan kamfanonin duniya sun rikice, sai ga shi 'yan sa-kai kaɗan ne ke ɗauke da ita. Irinsu kake wa magana da gadara.

In kuwa abin da ka gano ɓarakar tsaro ce, kada ka kuskura ka baza ta a bainar jama'a. Nemi fayil ɗin SECURITY.md ko adireshin da suka ware, ka sanar da su a asirce su toshe tukuna.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin rai. Karanta CONTRIBUTING.md, fayil ɗin ƙa'idojin turo gyara, kafin komai, don kai aka rubuta shi. Bincika tsofaffin rahotanni, har da waɗanda aka rufe, wataƙila an riga ka. Yi aiki a reshe na dabam, wato kwafin kod na gefe a Git, ka bar babban reshe. Bayanin canji kada ya zama "gyara" ko "gyara na biyu". Faɗi dalili, domin abin da ka canza kod ɗin zai nuna da kansa. Gudanar da gwaje-gwajen a kwamfutarka kafin ka tura. Kalmar sirri ko mabuɗi in ya shiga tarihin Git, goge shi a canji na gaba bai fitar da shi ba, sai dai ka soke shi ka yi sabo. Kod ɗin da ka kwaso daga wani wuri, duba lasisinsa, GPL da MIT ba sharaɗi ɗaya suke da shi ba.

Akwai kuma masu neman suna. A Oktoban 2020, lokacin Hacktoberfest, shirin da a lokacin ke ba masu turo gyara kyautar riga, an yi wa masu kula ambaliyar gyare-gyaren wofi, wani kalma ɗaya ya ƙara a README, fayil ɗin bayanin manhaja, don kawai ya samu riga. Yanzu ƙannensu sun zo, masu kwafo abin da na'urar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu. Ban hana ka amfani da ita ba. Amma ni layi ɗaya nake zaɓa a tsakiya in tambayi me yake yi, in ba amsa cikin mako biyu, sai in rufe buƙatar gyaran ba tare da na karɓa ba.