Yadda Nake Canza Kafiretar Injin Wankin Mota da Hannuna

Shekara tara ke nan ina sana'ar wankin mota a Kano, kuma da injin feshi mai shan fetur nake aiki, irin mai bindiga da dogon tiyo ɗin nan. Na farkon da na saya Honda GX160 ne na hannu. Wanda nake da shi yanzu ɗan China ne mai lamba 168F, wanda ake rubuta wa ƙarfin doki 6.5 a jikin tanki. Ƙirarsu kusan ɗaya ce, domin daga Honda aka kwaikwayo na Chinan, saboda haka duk abin da zan faɗa ya shafe su su biyun, har da GX200.

Kafin ka kai hannu aljihu, fara tabbatar da cewa kafiretar, wato abin da ke haɗa fetur da iska ya aika wa inji, ita ce ke da laifi. Na sha ganin abokan sana'a sun saya sabuwa, sun ɗaura, inji ya ci gaba da halinsa. Idan inji ba ya aiki sai an bar cok, wato marfin da ke rage iska lokacin tayarwa, a rufe, kana buɗewa ya mutu, to mai ne ba ya isa, babban jet, wato ɗan ƙarfe mai huji da mai ke bi a cikin kafireta, ya toshe. Idan kuma ƙararsa tana hawa tana sauka kamar mai haki, ƙaramin jet ne, ko iska na shiga ta gefen gaskit, wato 'yar takardar da ke toshe tsakanin kafireta da inji. In fetur yana ɗiga ta ƙasa ko ta bakin iska bayan an kashe, allurar da ke tare mai ta daina rufewa. Waɗannan duk na kafireta ne. Amma in ka ga inji lafiya lau yake muddin kana feshi, sai ka saki kunamar bindiga ya shaƙe ya mutu, ka duba bawul ɗin da makanikai ke kira anloda, wanda ke kan famfon da ke turo ruwa da ƙarfi. Shi ke juyar da ruwa idan an daina feshi, in ya maƙale sai ya danne injin. Ka kuma duba baƙin mai, domin yawancin injinan nan suna da abin da ke yanke wuta idan mai ya yi ƙasa. Kusan lita 0.6 kawai suke ɗauka, ɗan raguwa kaɗan ya isa ya hana su tashi. Sai fulogi: a ciro shi a goge, tazarar bakinsa ta kasance milimita 0.7 zuwa 0.8.

Sau da yawa wanke kafiretar kawai ya wadatar. Ni sai na wanke kafireta sau biyu ba ta gyaru ba, ko na ga cikin kofinta na ƙasa, inda mai ke taruwa, ya ci tsatsa, jikinta ya yi farin gari saboda ruwan da ya kwana a ciki, sannan nake yanke mata hukunci. Da ta kai nan, wahalar banza ce. Yau ka wanke, jibi ta koma.

Wajen saye, abu ɗaya nake roƙonka: ka tafi da tsohuwar a leda. Ko Sabon Gari ka nufa ko Ƙofar Ruwa, kada ka tsaya kwatance da baki. Dalili kuwa shi ne janareto ma yana amfani da injin 168F, amma kafiretarsa daban take. Ta janareto ba ta da makunnin mai a jikinta, domin nasa a gindin tanki yake, kuma hannun cok ɗinsu ba iri ɗaya ba ne. Ta injin wanki da ta injin ban ruwa su ne masu makunni a jiki, da ɗan ƙaramin kofi na tara datti a ƙarƙashinsa. Akwai kuma ta manyan injina irin GX390 da 188F, ita ramukanta sun fi faɗi, ba za ta ma shiga ba. An taɓa ba ni ta janareto a wani shago ana gobe jajibirin ƙaramar Sallah, ban duba ba sai da na dawo, ga motoci sun yi layi. Ranar da bokiti da soso muka ƙarasa aiki. Tun daga nan a gaban mai shago nake jera su biyu, in gwada ramukan ƙusa, in dubi inda bakin tiyon mai ya fuskanta, in motsa farantan ciki da yatsa in ji ko suna juyawa ba gargada. Ka tabbata an haɗa maka da gaskit guda uku a cikin kwalin. Ka ƙara da sabon tiyon mai da soson matatar iska, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana mai lamba 10, filaya mai tsinin baki, sukundireba, tsumma mai tsabta, galan na juye mai, da kwali da za ka shimfiɗa. A fili za ka yi aikin, inda iska ke kaɗawa, nesa da mai shayi da mai sigari. Ka bar inji ya huce sarai, salansa tana daɗewa da zafi. Ka kashe makunnin wuta, ka zare hular fulogi, ka rufe ruwa, ka danna kunama ragowar matsin da ke cikin tiyo ya fita.

Daga nan sai ka ɗauko wayarka. Ka ɗauki hoton saman kafireta ta kusa, inda wani siririn ƙarfe da wani sifirin mai kama da zare suka saƙala. Ka ɗauka ta gefe biyu ko uku. Idan ka zo mayarwa za ka gode wa Allah da ka yi.

Tun da makunnin mai a jikin kafireta yake, da zarar ka zare tiyo abin da ke tanki zai kwararo. Ni juye tankin nake yi gaba ɗaya, kuma akwai dalili na biyu da zan zo kansa. A jikin babban kofin ƙasan kafireta akwai noti biyu, na tsakiya shi ke riƙe kofin, na gefe wanda ya ɗan karkace shi ne na zubar da mai. Ka sassauta na gefen, ka tara gwangwani. Ka dubi abin da ya fito da kyau. In ka ga ɗigo-ɗigo suna birgima a ƙasan gwangwanin kamar ƙwai, ruwa ne.

Yanzu ka kwance notin saman murfin matatar iska, ka cire murfin da soson. Gwiwar baƙar roba da ke ƙasa noti biyu masu lamba 10 ne ke riƙe ta, a wasu injinan da ƙusa ta uku daga sama. Ka tura hannun cok da na mai zuwa wajen rufewa, in ba haka ba robar ba za ta wuce su ba. A bayanta akwai ɗan gajeren tiyo da ya fito daga murfin bawul na kan inji, ka zare shi a hankali. Hannun cok ɗaga shi kawai ake yi, ya fita. Duk abin da ka ciro ka ajiye shi a kan kwali bi da bi, fuskar da ke kallon inji tana kallon ƙasa. Sai ka matse kilif da filaya, ka murza tiyon mai ka zare.

Ga inda aikin yake. Siririn ƙarfen nan daga gwamna ya taho, wato abin da ke daidaita gudun inji, yana ƙara masa mai idan famfo ya ɗora masa nauyi, yana ragewa idan ka saki kunama. Sifirin ɗin da ya kewaye shi kuwa aikinsa ya ɗaure shi kada ya yi rawa a raminsa. Ka jawo kafiretar waje kaɗan a kan dogayen ƙusoshinta biyu. Ka fara cire ƙugiyar sifirin da tsinin filaya, ba tare da ka ja shi ya miƙe ba. Sannan ka juya hannun totur, wato farantin da ke buɗe wa inji hanyar mai da iska, da yatsa har tsagar da ke kansa ta yi daidai da ƙarfen, sai ka ɗaga shi, zai fita salin alin. In ka ji yana gardama, ba ka daidaita tsagar ba ne, kada ka sa ƙarfi. Ƙarfen nan in ya lanƙwashe, tsawonsa ya canza, gudun inji ma ya canza. Haka kuma notin da ke ɗaure hannun gwamna can ƙarƙashin tanki, ka bar shi yadda ka same shi. Injinan nan gudunsu bai kamata ya wuce juyi 3,600 a minti ba, famfon ma a kan haka aka yi shi. Wani yaro da na taɓa ɗauka aiki ya taɓa wurin don ruwa ya ƙara ƙarfi, sati bai zagayo ba famfo ya fara yoyo.

Bayan kafireta ta fita za ka ga gaskit, sai wata baƙar roba mai kauri, sai wani gaskit a manne da kan inji. Robar nan ita ke hana zafin inji isa ga kafireta. Ka ɗaga ta a rana ka duba, in ta tsage ko da kamar gashi ne, iska za ta riƙa shiga ta nan, sabuwar kafireta ta yi ta haki kamar tsohuwar. Ka cusa tsumma a ramin inji kafin ka kankare ragowar tsohon gaskit, kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Kuma kada ka shafa gam. Gaskit ɗin suna da ƙananan huji da dole su yi daidai da na jikin kafireta, gam yana toshe su.

Dalili na biyu na juye tanki: abin da ya kashe tsohuwar yana nan a ciki. Mu da muke aiki cikin ruwa wuni guda, ga ƙurar hunturu, ga man 'yan bumburutu da muke saya a galan idan gidan mai ya yi layi, tankinmu ba ya rabuwa da laka. Ka zuba fetur mai kyau kaɗan, ka girgiza, ka zubar, har sai ya fito garau. Ka wanke ragar bakin tanki da wadda ke mafitar mai. Wanda ya tsallake wannan, bayan sati biyu zai ce kayan yanzu ba su da aminci, alhali laka ya ɗura wa sabuwar.

Mayarwa bin sawu ne. Sabon gaskit a kan inji, baƙar roba yadda take a da, wani gaskit, sannan kafireta, bakin cok yana kallon waje. Tana rabin hanya a kan ƙusoshi za ka tsaya ka saƙala ƙarfen gwamna, sannan sifirin a ɗan ƙaramin hujin da ke kusa da shi. Ka duba hotonka. Ka tura ta ta zauna, ka motsa hannun gwamna da yatsa, ka ga totur yana buɗewa yana rufewa ba inda yake kamawa. Ka sa sabon tiyo da kilif, ka zaunar da hannun cok yadda ɗan tsininsa zai faɗa cikin tsaga, sai gaskit na uku, sai gwiwar roba da gajeren tiyon bayanta. Notin biyu kuwa a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, har su kama. Ba taya kake ɗaurewa ba. In ka matsa da yawa roba za ta fashe. Soson iska in na takarda ne ya yi baƙi, a canza. In na katifa ne, a wanke da sabulu, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai a matse.

Abu guda kafin ka tayar. In tsohuwar kafiretar tana yoyo, ka zaro ma'aunin baƙin mai ka sansana. Idan ka ji warin fetur, ko ka ga man ya yi ruwa-ruwa ya ƙaru da kansa, fetur ya gangara ciki. A zubar a zuba sabo.

Ka zuba fetur, ka buɗe makunnin mai, ka jira minti ɗaya kofi ya cika, kana shafa ƙasan da yatsa ko akwai danshi. Ka haɗa ruwa ka buɗe, ka danna kunama har iska ta gama fita ruwa ya miƙe. Kada ka kuskura ka tayar da injin nan ba ruwa ko da don gwaji ne, robobin cikin famfo a take suke ƙonewa. Ka mayar da hular fulogi, ka kunna wuta, ka rufe cok. Yarona nake sa wa ya riƙe kunama a danne ni kuma in ja igiya, domin in matsi ya taru a famfo igiyar takan yi tauri har ta fizge hannu. A ja na biyu ko na uku ya kamata ya kama. Ka buɗe cok sannu a hankali, ka saurara. Ka yi feshi, ka saki, ka sake yi. Kana dannawa ƙara za ta ɗan yi nauyi ta tsaya cak, kana saki ta koma daidai. Kada dai ka bar shi yana aiki bindiga a rufe fiye da minti ɗaya ko biyu, ruwan da ke zagaye cikin famfo zafi yake ɗauka.

In ya ci gaba da hawa da sauka, ka kashe ka koma kan gaskit da sifirin, kusan kullum a nan matsalar take. In yana baƙin hayaƙi, cok bai buɗe duka ba ko soso ya jiƙe da mai.

Tsohuwar kuma kada ka yar. Ina da gwangwanin madara da nake tara jet da allura da kofi a ciki, sun sha fitar da ni ranar Lahadi da shaguna ke rufe. Yanzu duk yamma idan mun tashi, makunnin mai nake fara rufewa, in bar injin yana feshi har ya shanye abin da ke kofi ya mutu da kansa, sannan mu naɗe tiyo mu tura shi cikin shago.